Garin Fenti da Turken Yaya

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Asabar a ƙarshen damina, mu huɗu ne a tsakar gidan yayana: shi, da matarsa, da babban ɗansa da ya zo daga Kano da motar hayar da yake tuƙawa, sai ni. Ni ne autan gidanmu. Sana'ata gyaran injin ban ruwa a Kiru. Yaya kuwa masunci ne a wani ƙauye da ke bakin ruwan Tiga, ta ɓangaren Burumburum, inda mahaifinmu ya bar shi.

Kafaɗarsa ce ta tara mu. Tun farkon damina acaɓa ya kayar da shi a taɓo, kafaɗar dama ta goce. An yi ɗori ta koma, amma hannun ya daina ɗaguwa sama da ƙirji. Yana iya tuƙa kwalekwale a hankali, filafili a ƙasa-ƙasa. Jefa birgi ne ya gagare shi, domin birgi raga ce mai nauyi da ake wurgawa da dukan kafaɗa, kuma da ita yake ci tun yana saurayi.

A mashiginsu akwai al'ada. Kowane kwalekwale yana da turkensa. Idan ruwa ya gama cika, sai sarkin ruwa ya sa rana a tumɓuke turakun daga inda ruwa ya cinye su, a sake kafa su a tudu, kowa a layin da ya gada. Wanda jirginsa ya yi damina guda ba a kwance shi daga turke ba, ranar ake ba wani wurin. Turken Yaya na mahaifinmu ne, kuma ya yi daminar nan cur babu motsi. Sarkin ruwa ya aiko masa da magana cikin mutunci: idan ranar kafa turaku ya shiga ruwa shi kaɗai ya fito da kifi, wurin nasa ne. Idan bai iya ba, akwai samari suna jira.

"Baba, ka bar musu kawai," in ji ɗan nasa. "Na gyara maka ɗaki a wurina. Ka zauna ka huta, ga masallaci a ƙofar gida."

"Nan ma akwai masallaci," Yaya ya ce.

"Baffa, ka yi masa magana mana."

Ban yi masa magana ba, domin na ga yana lalube a aljihu. Ya fito da wata ƙugiya ya ajiye a kan tabarma. Ƙugiya ce mai kan dalma, kan bai wuce ƙwallon dabino ba, an rufe shi da fenti ruwan ɗorawa mai santsi kamar tangaran, an ɗaura mata jelar gashi. Bakinta ya karye. Wani mutumin birni mai zuwa fatsa don sha'awa ne ya ba shi ita bara. Ba a sa mata tana. Sakinta ake yi ƙasa daga cikin jirgi, a riƙa fizgar zaren da wuyan hannu, ita kuma tana rawa a ruwa kamar ɗan kifin da ya ji ciwo, manya su kawo mata cafka.

"Ko da hagu zan iya wannan," Yaya ya ce mini. "Zubin dalma kuwa ba a koya mini. Fentin ne matsalar. Na gwada na gwangwani, shiga biyu ya ɓare, kuma warinsa korar kifi yake yi. Dalma tsirara kuma babu mai ganinta a wannan jan ruwan. Kai da kake kwance inji ka ɗaura, wannan zai gagare ka?"

"Ba zai gagare shi ba," in ji matar Yaya tana tsince shinkafa. "Sai dai ya fara jera mana dokoki tukuna, mu haddace."

Tsakanina da ita akwai wasa tun ranar da aka kawo ta gidanmu, amma ran nan hankalina yana kan aikin. Na ɗauki ƙugiyar na sa a aljihu. Ɗan Yaya ya bi ni da ido har na fita.

Ni mutum ne da ba na fara aiki sai na san abin da ke gaba da abin da ke baya. Don haka farkon abin da na yi shi ne neman sanin fentin. Na shiga bas zuwa Kano, wurin wani abokina da muka yi koyon aiki tare, wanda yanzu yake fentin ƙofofi da tagogin ƙarfe. Ya karce kan ƙugiyar da farce ya ce wannan ba fentin ruwa ba ne, gari ne. Su suna feshe shi da bindigar lantarki su gasa a babban tanda. Ya ce ƙaramin abu irin wannan ba ya buƙatar bindiga, zafi kawai garin yake so. A zafafa dalma, a tsoma, a fitar, a gasa. Amma ya ja mini kunne: idan garin yana kwance a dunƙule, zai kama da kauri, wani gefe tudu wani gefe rami. Sai an sa iska ta ƙarƙashinsa, ya tashi yana motsi kamar kunu a kan wuta, yadda abin da aka tsoma zai nutse ba tare da ya ji komai ba. Ya ɗebo mini ragowar gari ruwan ɗorawa a leda. A hanyar dawowa ban ga komai ba daga Kwanar Dangora har gida, ina ta gina abin a kaina ina rushewa.

Aikin a gidan Yaya aka yi shi, domin a can dalma da mazubi suke. Wannan ya sa na zama ɗan hanya. Da safe ina Kiru ina kwance injin wani mai tumatir, kafin la'asar ina bayan acaɓa da buhun tarkace a cinya. Manoman rani sun fara kawo injinansu, suna zuwa su tarar da shago a kulle. Idan ina shago hankalina yana bakin ruwa. Idan ina bakin ruwa ina jin kamar ana buga ƙofar shagon.

Dokokin da matar Yaya ta yi hasashe na kafa su kuwa. Ba a narka dalma a ɗaki, sai a fili bayan gida, iska tana kaɗawa gaba. Duk abin da ya taɓa dalma ko garin fenti ya bar kicin har abada. Garin kuma a rataye shi a sama cikin gwangwani mai murfi, domin da na kwance ledar, ita kanta ta miƙo hannu tana tambaya ina na samo garin ɗorawa mai kyau haka ba lokacinsa ba. Idan babba ya ruɗu, jikokin gidan lasa za su yi.

Jikin na'urar bai ba ni wahala ba. Na yanko bututun roba irin na famfo, mai faɗin da hannu zai shiga, na raba shi biyu. Na ƙasa na toshe gindinsa da murfi, na huda gefensa na dasa bawul ɗin tayar babur. Na sama shi ne kofin gari. Tsakaninsu za a shimfiɗa wani abu da zai riƙe gari ya bar iska ta wuce, sannan a haɗa su da soket, wato mahaɗin bututu. Abu biyu suka rage: iskar, da abin shimfiɗar.

Babu wuta a ƙauyen, don haka na aro zugazugi a maƙera. Na shimfiɗa ƙyallen tsohon ɗankwali, na zuba gari, na ce wa Yaya ya zuga a hankali. Bugu ɗaya ya yi. Garin ya tashi gaba ɗaya ya rufe mini fuska da gemu da hula. Matar Yaya ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Sannu, ango. Wa ya yi maka kwalliya ba a gayyace mu ba?"

"Ki koma ciki, iska tana kaɗowa nan."

"To, mai doka. Wannan doka ta nawa ce?"

Na wanke fuska na zauna na yi tunani. Zugazugi numfashi yake yi, ya ja ya sake. Ni kuwa iska nake so siririya, mai tafiya ba yankewa. Washegari na zo da tiyub ɗin tayar mota, da famfon keke, da sabuwar robar ƙarin ruwa daga kemis. Na cika tiyub da iska, na haɗa shi da bawul ta wannan robar. Robar tana da ɗan gare da ake murzawa a rage gudun ruwa ko a ƙara, kuma yadda yake yi wa ruwa haka yake yi wa iska. Wannan ya yi daidai tun gwajin farko, kuma har yau ban canza shi ba.

Abin shimfiɗar ne ya cinye mini kwanaki. Ƙyalle yana barin iska ta taru a wuri guda, ta huda garin ta yi tsiri, sauran yana kwance. Na ninka shi, tsirin ya koma gefe. Na sa ragar rariya, garin ya zube ƙasa ya toshe bawul. Na gwada buhu, na gwada soso. Kowane gwaji sai an kwance soket, an juye gari, an share, an ɗaura. Yaya yana zaune a kan turmi yana kallon hanyar mashigi, ƙafarsa tana ta kaɗawa. Ruwa kuwa kullum ƙara hawa yake yi. Turkensa ya nutse saura kai.

A tashar Kiru na samu amsar, ina jiran mota. Mai tsire yana yanka takardar siminti yana tarawa, irin wadda yake naɗe nama a ciki. Na karɓi guda wadda mai bai taɓa ba, na kara a baki na hura. Iskar ta wuce da ƙyar, kuma ta ko'ina ta wuce, ba ta wuri ɗaya ba. Da na kai ta gidan Yaya na ɗaura ta na murza garen, garin ya kumbura ya tashi ya kusa ninka tsawonsa, samansa yana rawa a hankali. Na sa tsinke, ya shige kamar a ruwa. Yaya ya taso daga kan turmi ya leƙa.

"Ya tafasa," ya ce.

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan sama, na zo na tarar garin ya sha sanyi ya yi gudaji. Sai da na shanya shi, na tankaɗe da sabuwar rariya, wadda matar Yaya ta yi wa bankwana da ido domin ta san ba za ta dawo ba. Daga nan na riƙa rufe shi da leda a cikin gwangwanin.

Sai zafafawa. Ƙugiyoyin da suka dace kaɗan ne a hannunmu, don haka na yanke cewa ba za a ɓata ko ɗaya a gwaji ba. Da dalmar gefen tsohon birgin Yaya muka yi duk gwaje-gwajen, ina soke ta da waya ina riƙewa da filaya a kan garwashin kurfoti. Na farko na tsaya ina jira ta yi ja, yadda na saba da ƙarfe. Dalma ba ta yin ja. Ina kallo ta yi ƙyalli ta ɗige cikin wuta.

"Da ka tambaye ni," in ji Yaya. "Dalma ba ta gargaɗi."

Muka koma gwadawa da ɗan gari a bakin tsinke. Idan an taɓa ya zauna gari, da saura. Idan ya yi hayaƙi, an wuce. Idan ya narke ya yi sheƙi nan take, to a tsoma a fitar da sauri, kada a tsaya dubawa a ciki. Hannuna ya koyi wannan kafin kaina.

Na ƙarshe shi ne gashi, domin fentin da ba a gasa ba yana fashewa idan ya bugi dutse. Na samo tsohuwar garwa, na zuba yashi a gindinta yadda mata ke yi in za su soya gyaɗa, na gitta wayoyi a sama don rataya, na yi mata murfi da faifan kwano. Ba ni da ma'aunin zafi. Farar takarda nake ratayawa a ciki. Idan ta koma kalar ƙosai mara ƙuna, zafin ya yi, sai a rage garwashi a riƙe shi a haka. Dalmar gwajin da ta fito daga garwar nan na buga ta a kan dutsen niƙa, ta lotsa amma fentin bai ɓare ba. Ran nan ne kawai na ci tuwon dare na ji ɗanɗanonsa.

Sarkin ruwa ya sa ranar Laraba. Ranar Talata Yaya ya zuba dalma a kan ƙugiyoyin gaskiya, ya goge su da ƙaramin zarto. Na riƙe kowace ta lanƙwasar bakinta, na zafafa, na tsoma kan gaba ɗaya, na rataye. Suka fito daga garwa gab da magariba, suna sheƙi kamar waɗanda aka saya a kanti. Yaya ya miƙo hannu na hana shi, na ce sai sun huce. Da suka huce na ɗaura musu jelar gashin zabo da zare, na jera su a ƙyalle na naɗe. Na duba santsi, na duba kauri, na duba kaifin baki. Na kwana a gidan.

Bayan sallar asuba muka gangara mashigi. Ɗan Yaya ya riga mu, ya ajiye motarsa a kan tudu, an kwantar da kujerar baya don kaya. Ya durƙusa ya gaishe mu kamar yadda ya kamata, amma bai ɓoye abin da ya kawo shi ba, wato tafiya da uban Kano. Sarkin ruwa yana zaune a kan kifaffen jirgi, dattijo ne mai sanyin magana, tsaran Yaya. Masunta suna ta tura jiragensu.

Yaya ya zauna a bakin kwalekwalensa, ya kwance ƙyallen, ya ɗauki ƙugiya ɗaya. Ya lashi bakin zare ya kai. Ya sake lasa ya sake kaiwa. Ya nisanta ta da idonsa, ya kusanto da ita.

"Kai," ya ce mini a hankali, "ina ƙofar?"

Na karɓa. A saman kowane kan dalma akwai ɗan zobe da ake zura zare, shi ake kira idon ƙugiya. Fenti ya cika shi taf, kuma gashin da na yi alfahari da shi ya mayar da fentin kamar dutse. Na duba ta biyu, na duba ta uku. Duka haka suke. Dalmar birgin da muka yi gwaji da ita ba ta da ido, don haka wannan bai taɓa fitowa ba. Ƙugiyar mutumin birnin kuwa ta yi makonni a aljihuna, idonta a buɗe, ina kallon fentinta kullum.

Na gwada bakin wata ƙugiyar, ya zame. Na gwada wuƙa, ta ɓanɓare gefe ta bar tsakiya. Jirage suna ta tafiya, mashigin yana yin fili.

"Baffa, ya isa haka," in ji ɗan Yaya. "Kun yi ƙoƙari. Allah bai yi ba."

"Tukuna," na ce.

Matar Yaya tana can sama tana hura wutar banda, inda take ƙyafe kifin mutane tun da na mijinta ya yanke. Na haura da gudu. Ban yi mata bayani ba, na nuna mata idon kawai. Ba ta yi wasa ba wannan karon. Ta zare allurar ɗinkin buhu daga gefen zaninta ta miƙo mini. Na riƙe ta da filaya a cikin garwashi har ta yi ja, na dasa a idon. Ya yi hayaƙi mai ɗaci, allurar ta shige. Na buɗe guda uku a haka. Ramin ya buɗe, amma gefensa ya yi kaushi, ƙonannen fenti ya bar baki-baki. Na so in tsaya in goge. Yaya ya ƙwace su daga hannuna.

"Rana tana yi," ya ce.

Ya tura jirgin da ƙafa, ya shiga, ya yi bisimilla. Muna kallonsa yana tuƙi a karkace, dama a ƙasa, hagu tana yin aikin, har ya wuce busassun itatuwan da ke tsaye a cikin ruwa ya ɓace mana.

Ban taɓa yin jira irin na ran nan ba. Na zauna, na tashi. Na haura banda na sauko. Na buɗe sauran idanun da allura ko da babu mai buƙatarsu a lokacin. Samari suna tumɓuke turaku suna kawowa tudu, aka ciro na Yaya aka jingine shi a gefe shi kaɗai. Ɗan Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Baffa, in tambaye ka, kada ranka ya ɓaci."

"Tambayi."

"Idan babban kifi ya ja shi ya kife, da wane hannu zai yi iyo?"

Duk makonnin nan ina lissafin iska da takarda da zafi, wannan tambayar ba ta cikin jerin.

Jirage suka fara dawowa da hantsi. Aka yi azahar babu shi. Na yi sallah ina jin motsin ruwa a bayana. Muna sallamewa wani ya ce ga shi can. Yana tafe a hankali ƙwarai, yana hutawa tsakanin tuƙi da tuƙi. Da jirgin ya taɓa ƙasa ɗansa ya shiga ruwa da takalmansa ya riƙe shi. Rigar Yaya ta jiƙe, tafin hannunsa na hagu ya tsage inda zare ya yanke shi. A cikin jirgin akwai kifi uku: ragon ruwa guda biyu, matsakaita, da tsage ɗaya.

"Giwan ruwa ta zo," ya ce mini kafin ya fito. "Na ga bayanta. Ta ja, na ja, sai zaren ya tsinke daidai idon. Kaushin nan naka ne ya yanke shi. Ta biyu ma haka, ban ma ga ko mene ne ba. Ta ukun sai da na zauna na yi ta goga idon da igiyar jirgi, sannan na ninka zaren."

Sarkin ruwa ya taso ya leƙa cikin jirgin. Ya daɗe yana kallo, ya kalli hannun Yaya, ya kalli samarin da ke jira.

"Na ce ya shiga shi kaɗai, ya shiga. Na ce ya fito da kifi, ga kifi. Ban faɗi girma ba. Ku kafa masa turkensa."

Aka kafa. Yaya ya ɗaure jirgin da kansa, da hagu da haƙori. Ɗansa ya ɗaga kujerar bayan motarsa ya mayar da ita yadda take. Da zai tafi ya gaishe da uban, ya gaishe da uwar, sannan ya zo wurina ya rage murya.

"Baffa, kai ka mayar da shi ruwa. Ni dai na faɗa."

Na ce na ji.

Gyaran idon bai da wuya da zarar an san da shi. Yanzu kafin in zafafa kowace ƙugiya ina tanadar ƙayar aduwa. Ana fitar da kan daga gari, fentin yana da taushi, sai a zura ƙayar a idon a juya a zare, tun kafin a kai garwa. Idon yana fitowa a buɗe, gefensa sumul. Na'urar tana nan a rataye a bayan ɗakin Yaya, takardar siminti kawai nake canza mata. Wasu masuntan sun fara kawo nasu a tsoma musu, matar Yaya tana karanta musu dokokina ɗaya bayan ɗaya da muryata, suna dariya.

Yaya yana shiga ruwa kusan kullum. Ya kama giwan ruwa tun daga lokacin, ba sau ɗaya ba, kuma wannan ne abin da ya hana ni sakewa. Da ƙugiyar ba ta aiki, da yanzu yana zaune a ƙofar masallaci a Kano yana jin haushina, lafiya lau. Na kai masa jarka biyu babu komai a ciki, na ɗaure su da igiya, na ce ya riƙa sa igiyar a ƙugu don su riƙe shi a saman ruwa idan ya kife. Ya ce to. Matarsa ta ce mini a jirgi yake barinsu, yana zama a kan ɗaya. Ina shago a Kiru, da la'asar ta yi sai in ga na ajiye sifana na fito bakin titi ina kallon gabas, alhali babu abin da ake gani daga nan sai gonaki. In kira wayar matarsa, ta ce bai fito ba tukuna, ko ta ce ya fito yana cin abinci, in koma in ɗauki sifanar.

Ni ba kullum nake can ba, kai kuwa mai karatu wataƙila hanyarka ce. Idan ka bi ta bakin ruwan nan ta ɓangaren Burumburum da yamma, ka ga jirage sun dawo, turke ɗaya babu jirgi, ka hango wani dattijo can bayan busassun itatuwa yana fizgar zare da hagu, don Allah kada ka wuce. Ka tsaya ka ƙwala masa kira, ka ce ƙaninsa ya ce ya ɗaura igiyar jarkar, kuma rana ta yi. Zai yi kamar bai ji ba. Ka sake kira, ka tsaya a wurin har sai ka ga ya juyo da kan jirgin.